Babi na Shida: Aibin da Ake Shukawa da Gangan

Duk ɗan Daura ya san labarin rijiyar Kusugu, kuma galibin masu ba da shi sukan gaggauta su kai wurin da aka fille kan macijin nan Sarki. Akwai wani zango kafin nan da ba a cika tsayawa a kansa ba. In ji masu riwaya, Bayajida bai iso Daura ba sai da ya biya ta Gaya, inda maƙera suka ƙera masa wuƙar da ya yi aikin da ita. Masana tarihi suna ta ja-in-ja a kan ko wane ne Bayajida da lokacin zuwansa, mu bar musu wannan. Maƙeran ne abin dubawarmu, domin abin da masaba ke yi wa ƙarfe a kan uwar maƙera shi ne ya warware wata matsala da ta tsaya wa masana fiziks a wuya shekaru arba'in, kuma har gobe ba su gama da ita ba.

Maƙeri ya san cewa ƙarfen da aka daka yana sanyi tauri yake ƙarawa. Maƙerin fari ya fi kowa sanin haka: in yana jan wayar azurfa ko ta jan ƙarfe ta ƙananan ramuka don ta sirance, ba ta daɗewa take ƙin lanƙwasuwa, sai ya mayar da ita wuta ta yi laushi sannan ya ci gaba. Dalilin bai fito fili ba sai a 1934, lokacin da Taylor da Orowan da Polanyi, kowa a nasa ɓangaren, suka kawo bayani iri ɗaya. Ƙarfe kiristal ne, wato ƙwayoyin zarrarsa a jere suke sahu-sahu bisa tsari. Amma nan da can akan sami guntun sahu da ya kutsa tsakanin cikakku ya ƙare a tsakiya. Ta bakin irin wannan guntun sahu ne ƙarfe ke zamewa ya lanƙwasu. Duka yana yawaita su har su sarƙe, wannan ya tare wa wancan hanya, ƙarfen ya yi tauri. Wuta kuwa tana ba ƙwayoyin zarra damar komawa mazauninsu, aibin ya ragu, laushi ya dawo.

Yanzu mu tafi Holan. A Afrilun 1911, a garin Leiden, Heike Kamerlingh Onnes ya sanyaya zaiba da ruwan hiliyam zuwa digiri 269 ƙasa da sifili, kimanin 4.2 ke nan a ma'aunin Kelbin. Turjiyar da kowace waya ke yi wa wutar lantarki, wadda ke sa ta ɗumi, sai ta ɓace ɗungurungum. Abin da ake kira sufakondakta ke nan. Nan da nan Onnes ya hango maganaɗisu mai ƙarfin tesla 10 da za a naɗa da irin wannan waya ba tare da ta yi zafi ba. Don mai karatu ya gane girman burin, maganaɗisun duniya da ke juya allurar kamfas bai kai kashi ɗaya cikin dubu goma na tesla ba. Burin ya rushe tun kafin a je ko'ina. Wayar dalma da ya gwada ta koma waya ta gama-gari a filin da bai kai kashi ɗaya cikin goma na tesla ba. A 1933 Meissner da Ochsenfeld suka gano a Balin cewa irin waɗannan ƙarafa korar maganaɗisu suke yi daga cikinsu baki ɗaya, in kuwa ya fi ƙarfinsu, sai su sallama gaba ɗaya.

Akwai wani jinsi na biyu da ba ya yin wannan taurin kai. Lev Shubnikov ya ga alamunsa a gaurayen ƙarafa a Kharkov a tsakiyar shekarun 1930, amma hukumar Stalin ta kashe shi a 1937, aikin ya kwanta. Alexei Abrikosov ne ya fitar da lissafin a 1957, wanda ya sa aka ba shi kyautar Nobel a 2003. Wannan jinsi sulhu yake yi da maganaɗisu: yana barinsa ya shiga, amma a matsayin siraran zaruruwa, kowanne ɗauke da awo ɗaya tak wanda ba ya ƙaruwa ba ya raguwa. Cibiyar kowane zare ba sufakondakta ba ce, wuta ce ke kewaya ta kamar guguwa, sauran jikin ƙarfen kuwa yana nan da halinsa. A filin tesla 1, zare kusan miliyan 480 ne ke ratsa faɗin milimita ɗaya a milimita ɗaya. A 1967 Essmann da Träuble suka barbaɗa ƙurar ƙarfe a kan irin wannan abu a Stuttgart, suka ɗauki hoton kawunan zaruruwan a jere cikin tsari mai kusurwa uku-uku.

Sulhun yana da tsada. Da zarar an saki wuta a cikin wayar, tana tura kowane zare gefe, kamar yadda take tura wayar da ke cikin injin fanka ta juya. Zare in ya motsa sai ya haifar da zafi, zafi kuwa asarar wuta ce, turjiyar da aka kora ta ƙofa ta dawo ta taga. Saboda haka kiristal mai tsabta, wanda ba shi da ko tabo, ba ya iya ɗaukar wutar kirki a cikin filin maganaɗisu. Babu abin da zai riƙe zaruruwan.

Aibi ne ke riƙe su, ga kuma yadda abin yake. Ƙarfen yana biyan wani farashi na makamashi a duk inda ya bar cibiyar zare ta zauna, domin ya sadaukar da halinsa a wurin. To, in akwai wani ɗigo da dama can lalatacce ne, ko baƙon ƙwaya, ko gurbin da babu kowa, zaren da ya zauna a kansa bai jawo wata sabuwar asara ba. Sai ya lafe a nan, kuma sai an yi da gaske kafin a tumɓuke shi. Mai kiwo zai gane wannan da wuri: garke ne a fili, iska na kaɗa shi, aibin nan kuwa turke ne. Ba lallai kowace dabba ta sami nata turken ba, tunda zaruruwan suna ture juna, kaɗan da aka ɗaure da kyau sukan tsayar da maƙwabtansu. Iyakar wutar da waya za ta ɗauka ita ce daidai inda turin ya rinjayi turakun.

Wanda ya fara cin moriyar wannan, dabarar maƙeran fari ya bi. A 1954 George Yntema, a Jami'ar Illinois ta Amurka, ya naɗa maganaɗisu da wayar niyobiyam da aka ja tana sanyi ba a mayar da ita wuta ba, ya sami tesla 0.7. Guntayen sahun da jan ya tara su ne turakun. A 1961 Kunzler da abokan aikinsa a ɗakunan binciken Bell suka nuna cewa haɗin niyobiyam da kuza yana ɗaukar ampiya sama da 100,000 a kowace murabba'in santimita a cikin filin tesla 8.8. Daga baya gaurayen niyobiyam da titaniyam ya mamaye kasuwa. Ana jansa, a gasa, a sake ja, har siraran ɓawon titaniyam masu kaurin nanomita ɗaya zuwa biyu su bazu a cikinsa. Nanomita ɗaya kashi ɗaya ne cikin miliyan na milimita. Duk wanda aka taɓa turawa Kano aka shigar da shi na'urar MRI mai tesla 1.5, a cikin naɗin wannan waya ya kwanta. Ƙananan na'urorin da ba su kai rabin tesla ba, waɗanda suka yawaita a Nijeriya, galibinsu mayen ƙarfe ne na dindindin a ciki, ba ruwansu da hiliyam.

A nan ƙasarmu ta shigo labarin ta bayan gida. A da, galibin niyobiyam daga kwalambait ake samunsa, baƙin yashin da ke fita tare da kuza, kuma a shekarun 1950 Nijeriya ce kan gaba a duniya wajen fitar da shi, daga tsaunukan Jos. Leburorin da suka wanke shi da kwano, da yawansu daga ƙasar Hausa suka je cin rani. Yawancinsa ƙarafan injin jirgin sama ya tafi a wancan zamani, amma sinadarin ɗaya ne.

A 1986 Georg Bednorz da Alex Müller, a ɗakin binciken IBM da ke kusa da Zurik, suka sami halin sufakondakta a wani abu da ba ƙarfe ba ma, dangin tangaran ne mai jan ƙarfe da iskar oksijin, a wajen Kelbin 35. Farkon 1987 ƙungiyoyin Wu Maw-Kuen a Alabama da Paul Chu a Houston suka haɗa itiriyam da bariyam da jan ƙarfe da oksijin, abin da ake taƙaitawa YBCO, suka kai Kelbin 93. Wannan ya haura Kelbin 77 na ruwan naitirojin, wanda daga iskar da muke shaƙa ake tatsarsa, mai araha ƙwarai in an gwada da hiliyam. "Zafi mai yawa" da ake faɗa a wannan fage ke nan, digiri 180 ƙasa da sifili. Jaridu suka yi ta alkawarin jirage masu shawagi da wayoyin da ba sa asara nan da 'yan shekaru. A ganina waɗannan alkawura sun yi wa fagen illa, domin da aka ga shiru mutane suka ɗauka ƙarya ce, alhali aikin ne ya koma wurin da ba ya jan hankalin 'yan jarida, wato wajen turaku.

Sababbin abubuwan sun zo da wahalhalu da suka haɗu suka yi wa masana taron dangi. Cibiyar zare a cikin niyobiyam tsantsa takan kai nanomita goma-goma, a YBCO kuwa 'yan nanomita ne ƙalilan. Turke yana kamawa sosai ne in girmansa ya yi daidai da cibiyar, don haka manyan aibobi ba su da amfani a nan, ƙananan kuma riƙonsu ba shi da ƙarfi. Sannan kiristal ɗin hawa-hawa ne: wutar tana bin shimfiɗun jan ƙarfe da oksijin, tsakaninsu kuwa sai da ƙyar. Zaren da ya ratsa su sai ya zama kamar faifai-faifai da aka ɗora, kowanne na iya zamewa shi kaɗai. Ga kuma ɗumi. A Kelbin 77 girgizar ƙwayoyin zarra ta ninka ta Kelbin 4 kusan sau 18, tana fizgar zaruruwan daga turakunsu ɗaya bayan ɗaya. Philip Anderson ya bayyana wannan sulalewa tun 1962, amma a tsofaffin ƙarafa ba ta taka kara ta karya ba. A 1988 Yeshurun da Malozemoff suka auna ta a YBCO suka ga ta yi girman da ba a zata ba. In fili ya ƙaru ko ɗumi ya ƙaru, jerin zaruruwan ma narkewa yake yi ya zama kamar ruwa, babu turken da ke riƙe shi. A Kelbin 77, YBCO yana jurewa har wajen tesla 7 kafin haka ta faru. Ɗan'uwansa mai bismut, wanda Hiroshi Maeda ya gano a Japan a 1988, ya fi shi jure ɗumi, yana kaiwa Kelbin 110, amma shimfiɗunsa sun fi nisa da juna, ko tesla 1 ba ya kaiwa a ruwan naitirojin.

Kafin a kai ga shuka aibi mai amfani sai da aka yi yaƙi da wani mai cutarwa. Tangaran ƙwayoyi ne ƙanana da suka manne, kowace ta fuskanci inda ta ga dama. A 1988 Dimos da Chaudhari da Mannhart na IBM suka haɗa ƙwayoyi biyu-biyu a kusurwoyi daban-daban suka auna wutar da ke tsallaka iyakarsu. In saɓanin ya wuce 'yan digiri kaɗan, wutar faɗuwa take yi warwas, a digiri 10 zuwa sama kuwa iyakar ta zama shinge. Abin mamaki, a haɗin niyobiyam da kuza waɗannan iyakoki su ne manyan turaku, har ana ƙanƙanta ƙwayoyin da gangan don su yawaita. Aibi ɗaya, a can magani, a nan guba, saboda kawai kaurin iyakar ya kusa daidai da ɗan tazarar da wutar YBCO ke iya tsallakawa. Mafita ita ce a tilasta wa ƙwayoyin su fuskanci alƙibla ɗaya a tsawon ɗaruruwan mitoci. Yasuhiro Iijima na kamfanin Fujikura ya buɗe hanya ɗaya a 1991, Amit Goyal da abokansa a Oak Ridge suka kawo wata a tsakiyar shekarun 1990. Sakamakon shi ne wani tef na ƙarfe mai faɗin milimita 4 da kaurin da bai fi na takarda ba, wanda aka shafa wa YBCO mai kaurin maikuromita ɗaya ko biyu. Wannan ɗan shafe yana ɗaukar ampiya sama da miliyan a murabba'in santimita. Wayar jan ƙarfe ta gida ba ta kai dubu ba.

Wasu turakun da kansu suke zuwa. Gurbin oksijin da ya ɓace ƙaramin turke ne, mai rauni shi kaɗai, amma in sun yi yawa sukan taru su riƙe zare, musamman a tsananin sanyi. Akwai kuma bangon da ke samuwa inda ɓangare biyu na kiristal suka zama hoton madubin juna. Yana tare zaren da ke son tsallaka shi, amma yana zame wa mai bin tsawonsa hanya. Masato Murakami a Japan ya ƙware wajen narka YBCO ya bar ɓarɓashin wani koren sinadari, ɗan'uwansa da ba ya ɗaukar wuta, a warwatse a ciki. Dunƙulen da aka yi haka yana haɗiye maganaɗisu ya riƙe: a 2003 shi da Tomita suka kulle sama da tesla 17 tsakanin ƙananan dunƙule biyu, a 2014 ƙungiyar John Durrell a Kambirij ta kai 17.6.

Gwajin da ya fi burge ni shi ne na Leonardo Civale da abokansa a 1991. Tunaninsu mai sauƙi ne: tunda zare dogo ne, a ba shi dogon turke. Suka harbi kiristal da ƙwayoyin kuza masu tsananin gudu, kowace ta huda shi ta bar miƙaƙƙiyar sawu ta lalataccen abu, faɗinta wajen nanomita 5. Zare ya sami inda zai kwanta tun daga kai har ƙafa. Wutar da kiristal ɗin ke ɗauka ta yi tsalle, kuma ta fi yawa in filin ya yi daidai da alƙiblar sawun, shaidar da ta rufe bakin masu shakka. Sai dai ba wanda zai kai dubban kilomitoci na tef gaban injin harba ƙwayoyi. A 2004 Judith MacManus-Driscoll, tana aiki da masanan Los Alamos, ta zuba ɗan sinadarin bariyam da zakoniyam a cikin kayan shafen, wutar da ake samu a cikin fili ta ƙaru har ninki biyar a wasu yanayi. Ba a daɗe ba aka ga cewa in an daidaita zafi da saurin shafawa, baƙon sinadarin da kansa yake jeruwa ya zama siraran sanduna a tsaye. Itiriyam da zakoniyam ɗin nan, af, duka akwai ma'adinansu a tarin yashin da masu haƙar kuza suka bari a Jos.

Kada mai karatu ya ɗauka yawan turaku shi ne nasara. Kowane turke yana cin wurin da wuta za ta bi. Tazarar ƙwayoyin sandar ta saɓa da ta YBCO da kusan kashi 8 cikin 100, don haka tana matse abin da ke kewaye da ita, oksijin ya gudu daga wurin, halin sufakondakta ya raunana. Sanduna da suka miƙe sambal kuma suna da nasu rauni: in ɗan yanki na zare ya yi tsalle ya kama sandar maƙwabta, sauran jikinsa sai ya bi a sauƙaƙe, ya zuge gaba ɗaya. Shi ya sa aka koma cakuɗa su, sanduna masu ɗan karkata da ɗigo-ɗigon ɓarɓashi a tsakani don su tare zugewar. A cikin naɗin maganaɗisu ma filin ba ta fuska ɗaya yake bugun tef ba, turken da ya yi aiki a tsakiyar naɗi yana iya zama banza a bakinsa. Haɗin da ya fi kyau a Kelbin 77 ba shi ne ya fi kyau a Kelbin 20 ba. Kamfanoni yanzu sukan tambayi mai saye sanyin da filin da zai yi aiki a ciki kafin su zaɓa masa tef.

Ɗaliban Jami'ar Sufuri ta Tarayya da ke Daura, wadda aka aza harsashinta a Disambar 2019, suna da dalilin kula da wannan. Layin dogon Kano zuwa Maraɗi da zai ratsa Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya na ƙafa da dogo ne irin wanda aka sani. Amma a Chengdu ta ƙasar Sin, jami'ar sufuri ta Southwest Jiaotong ta ɗaga mutane a kan keken da ke shawagi bisa dunƙulen YBCO tun ƙarshen 2000, a Janairun 2021 kuma ta nuna samfurin jirgi a kan layin gwaji mai mita 165. Ana sanyaya dunƙulen ne yana saman layin mayen ƙarfe, zaruruwan su kafe a turakunsu, daga nan ba ya faɗowa, ba ya tashi, ba ya kaucewa gefe, sai dai ya bi tsawon layin inda filin bai canja ba. Ba ya buƙatar kwamfutar da za ta riƙa daidaita shi. Tsadar shimfiɗa mayen ƙarfe kilomita bayan kilomita ce ta hana shi fita daga filin gwaji. Jirgin Japan da ya yi gudun kilomita 603 a awa a 2015 wata dabara ce daban, da naɗin niyobiyam da titaniyam.

Inda tef ɗin ya sami babbar kasuwa shi ne wajen masu neman wuta daga haɗewar ƙwayoyin zarra, irin abin da ke faruwa a cikin rana. A Satumbar 2021 jami'ar MIT da kamfanin Commonwealth Fusion Systems suka kai tesla 20 da wani babban naɗi a Kelbin 20. A tanderun da za a gina da irin wannan naɗi, ƙwayoyin niyutiron za su riƙa dukan tef ɗin dare da rana, irin ƙwayoyin da ƙaramin tanderun bincike na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya ke samarwa tun 2004 don tantance sinadaran da ke cikin ƙasa da abinci. Kowane duka sabon aibi ne. Masana a Biyana ta ƙasar Ostiriya sun sa guntayen tef a tanderunsu suka riƙa fitarwa suna aunawa. Da farko wutar da tef ke ɗauka ƙaruwa take yi, saboda an ƙara masa turaku kyauta, sannan ta kai ƙololuwa ta fara gangarowa. Tef ɗin da aka riga aka cika da sandunan zakoniyam tun daga masana'anta shi ne ke riga sauran gangarowa. Da wannan awo injiniyoyi ke lissafa kaurin garkuwar da za a gina tsakanin wutar tanderu da naɗin, kaurin garkuwar kuma yana cikin abubuwan da ke yanke girman injin gaba ɗaya da kuɗin gina shi.